Gayyar Kwamfutoci: Waiwaye Daga Jeniba Zuwa Jidda

A kudancin Jidda, idan ka wuce tashar jiragen ruwa da tsofaffin unguwannin da Hausawa suka daɗe suna zaune, za ka iske Madinar Masana'antu. A 1971 aka kafa ta, tana cikin rukunin farko na irin waɗannan wurare a Saudiyya, ita da ta Riyad da ta Dammam, yau kuwa tana hannun hukumar MODON da aka kafa a 2001. Abin da ido ke fara gani shi ne tireloli ɗauke da kwantena suna shiga suna fita, ga masana'antun abinci da na roba da na magani da na ƙarfe jere da juna. Hikimar da aka gina wurin a kanta ba ta da wuyar ganewa: maimakon kowane mai masana'anta ya ja wutarsa, ya nemo ruwansa, ya shimfiɗa titinsa, sai gwamnati ta tara su wuri guda ta yi musu na bai-ɗaya.

Cikin shekaru hamsin da suka biyo baya, Jidda da kewayenta sun samu wata sana'a wadda ba ta da hayaƙi, ba a kuma loda kayanta a tirela. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun ɓullo a gaɓarta, jami'o'inta sun girka manyan kwamfutocin da ake lissafawa cikin na gaba-gaba a duniya, kamfanoni kuma sun buɗe rumbunan ajiyar bayanai. Wanda ke son ya gane inda wannan sana'a ta dosa, da rabon da jami'o'inmu za su iya samu a cikinta, sai ya waiwayi mutanen da suka fi kowa matsa wa kwamfuta lamba tun tana jaririya, wato masana fiziks masu binciken ƙwayoyin da ke cikin zarra. Su ba su tara komai wuri guda ba. Da aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai suka rarraba shi ga ɗaruruwan jami'o'i, kowace ta kawo abin da take da shi. A ƙasar Hausa sunan wannan aiki gayya.

Zamanin hoto da ido

A 1954 ƙasashe 12 na Turai suka kafa cibiyar CERN a bakin iyakar Siwizalan da Faransa, dab da birnin Jeniba. Tambayar da suka sa gaba tsohuwa ce: da me aka gina duk abin da muke gani muke taɓawa? Hanyar neman amsar ita ce a ɗauki ƙwayoyin da ke cikin zarra, irin su furoton, a kora su da gudun da ya kusa na haske, a gwara kansu, sannan a duba tarkacen da ya fantsama. Karo ɗaya ba ya faɗin komai. Abin da ake nema kan bayyana sau ɗaya cikin miliyoyi ko biliyoyi, don haka tun ranar farko binciken ya zama aikin ƙidaya.

A 1958 CERN ta kunna kwamfutarta ta farko, ƙirar Ferranti Mercury daga Ingila, wadda ta cinye ɗaki guda. A shekarar ne kuma ta ɗauki wani ɗan ƙasar Holan mai suna Wim Klein aiki saboda baiwarsa ta yin dogon lissafi da ka, har yakan riga na'urorin lokacin a wasu lissafan. Amma mafi yawan aikin ido ne ke yin sa. Ana cika wani ƙaton tanki da ruwa na musamman, duk ƙwayar da ta ratsa shi sai ta bar siririn sawu na kumfa, kyamarori kuma su ɗauka. Hotunan sun kai miliyoyi. A ɗakuna masu duhu ake haska su kan faffaɗan teburi, ma'aikata, yawancinsu mata, su duƙa suna bin kowane sawu, suna auna lanƙwasarsa, suna ware wanda ya fita daban.

Tun a lokacin an gane cewa gida ɗaya ba zai iya ba. Tankin da ake kira Gargamelle, da ya fara aiki a farkon shekarun 1970, hotunansa cibiyoyi bakwai aka raba wa: Aachen, Burasel, Milan, Landan, Orsay, Faris da ita kanta CERN. A watan Disamba na 1972, a jami'ar Aachen ta Jamus, aka ci karo da hoto guda mai ɗauke da sawun da aka daɗe ana cigiya. A watan Yuli na 1973 aka sanar da sakamakon, wanda ya ƙarfafa nazariyyar da ta kai Abdus Salam ɗan Pakistan, da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, ga kyautar Nobel a 1979. Na'urar tana Jeniba, amma idon da ya ga abin yana wata jami'a mai nisan ɗaruruwan kilomita. Wannan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Daga tef zuwa yanar gizo

A 1968 Georges Charpak ya ƙirƙiro wata na'ura mai jerin siraran wayoyi wadda ke kama sawun ƙwaya ta lantarki ta miƙa wa kwamfuta kai-tsaye, aikin da ya ba shi Nobel a 1992. Daga nan hoto ya fara ja da baya, lambobi suka maye gurbinsa. Ana zuba bayanan a faya-fayan tef, a ƙunshe a kwali a aika wa jami'o'i ta jirgin sama, ko malami ya cusa su a jaka in zai koma gida. Babban lissafi kuwa yana hannun 'yan tsirarun kwamfutoci masu ɗan karen tsada, irin CDC 6600 da ta iso CERN a 1965 da Cray da ta iso a 1988. Kowa layi yake bi.

Ga kuma rashin jituwa. Kowace jami'a da irin kwamfutarta, kowace kwamfuta da tsarinta, takardar da aka rubuta a Milan ba lalle ta buɗu a Landan ba. Wannan ciwon kai ne ya sa Tim Berners-Lee, ma'aikacin CERN ɗan Ingila, ya rubuta shawararsa a watan Maris na 1989, wadda ta haifi yanar gizo. Ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta sakar wa duniya manhajar kyauta, ba kuɗin lasisi ba sharaɗi. Duk wanda ya buɗe shafi a wayarsa yau a Kano ko Maraɗi, albarkacin wannan kyauta yake ci.

A daidai wannan lokaci wata dabara ta fara kankama. A jami'ar Wisconsin ta Amurka, Miron Livny da ɗalibansa sun fito da manhajar Condor a 1988, wadda ke leƙa ofisoshin jami'a ta nemo kwamfutocin da masu su suka tashi suka bari a kunne, ta ba su aiki har su dawo. A CERN kuma, a farkon shekarun 1990, Les Robertson da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙananan kwamfutoci masu araha, in an jona su da kyau, za su yi aikin babbar guda ɗaya da kuɗi kaɗan. Kafin ƙarnin ya ƙare, ɗakunan lissafi sun cika da kwamfutoci irin na kasuwa masu aiki da Linux.

Dalilin da ya sa hakan ta yiwu yana cikin yanayin binciken. Kowane karo zaman kansa yake yi. Abin da ya faru a karo na ɗaya bai shafi na biyu ba, saboda haka ana iya ba wannan kwamfuta dubu, a ba waccan dubu, kowace ta yi nata ba tare da ta jira 'yar'uwarta ba, daga baya a haɗa sakamako.

Ambaliyar da aka hango

A watan Disamba na 1994 majalisar CERN ta amince a gina babbar na'urar karo ta LHC, a cikin wani rami mai zagayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Manyan maganaɗisu 1,232, da aka sanyaya zuwa digiri 271 ƙasa da sifili, su ke lanƙwasa hanyar furoton. A wurare huɗu ake gwara su, kowane wuri da na'urar da ke ɗaukar abin da ya faru: ATLAS, CMS, ALICE da LHCb. ATLAS kaɗai tsawonta mita 46 ne, tsayinta mita 25, nauyinta tan 7,000.

Da masana suka zauna suka yi lissafin bayanan da za su fito, sai hankali ya tashi. Dunƙulen furoton na iya haɗuwa sau miliyan 40 a daƙiƙa guda, abin da ke haifar da karo kusan biliyan ɗaya. Ko da aka girka na'urar tacewa mai zubar da kusan duka nan take, tana barin dubu ɗaya ko 'yan dubbai a daƙiƙa, abin da ya saura ya kai gomman fetabait a shekara. Fetabait ɗaya giga miliyan ɗaya ce. Kuma adanawa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Dole a sake gina kowane karo daga lambobi, a kuma ƙirƙiri biliyoyin karo na kwaikwayo a cikin kwamfuta don a gwada su da na gaske.

Abu biyu suka hana a tara komai a Jeniba. Na farko, ɗakin lissafin CERN ba shi da wuri ko wutar da za ta ɗauka. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, gwamnatoci sun fi son su kashe kuɗinsu a gida, a jami'o'insu, inda 'ya'yansu za su koyi aikin. Maimakon a yi jayayya da wannan hali, sai aka gina tsari a kansa. A 1998 wani kwamitin nazari mai suna MONARC ya fara zana tsarin matakai. A Amurka kuma Ian Foster da Carl Kesselman suna yaɗa tunanin da suka kira girid: mai bincike ya samu ƙarfin lissafi daga ko'ina ba tare da ya damu da inda kwamfutar take ba. A watan Satumba na 2001 majalisar CERN ta amince da aikin, a 2006 kuma ƙasashe suka fara sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa gamayyar WLCG.

Tsarin hawa-hawa ne. Uwar cibiya tana CERN, ita ke karɓar ɗanyen bayani ta ajiye kwafin farko a tef. Ƙarƙashinta akwai cibiyoyin mataki na ɗaya, goma sha 'yan kai, irin su Fermilab da Brookhaven a Amurka, Rutherford a Ingila, Karlsruhe a Jamus, Liyon a Faransa, Bolonya a Italiya, Barsalona a Sifen, TRIUMF a Kanada da KISTI a Koriya ta Kudu. Kowace na riƙe da wani kaso na kwafi na biyu, tana aiki dare da rana. Sai mataki na biyu, cibiyoyi sama da 150, galibinsu a cikin jami'o'i, inda ake yin mafi yawan kwaikwayo da nazari. Na uku shi ne ɗan abin da sashen fiziks ke da shi na kansa. A dunƙule, abin da CERN ke bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran na 'yan gayya ne.

Yadda aiki guda ke tafiya

Mu ɗauki ɗaliba mai neman digirin digirgir a wata jami'a da ke cikin ATLAS. Kafin ta taɓa komai sai ta je da kanta da katin shaidarta wurin jami'in da aka amince da shi, a ba ta shaidar lantarki wadda ake sabuntawa duk shekara. Da wannan shaida guda cibiyoyin da ba su taɓa ganinta ba za su buɗe mata ƙofa. Sai ta rubuta 'yar manhajarta, a ce mai tsamo duk karon da ya fitar da ɗigon haske biyu masu ƙarfi, ta gwada a kwamfutar cinyarta, ta tura wa PanDA, manhajar da ke rabon aiki. PanDA ta tambayi Rucio, mai riƙe da rajistar inda kowane fayil yake. Daga nan a datsa aikin gida ɗari ko dubu, a aika kowane yanki inda bayanansa suke, don tura 'yar manhaja ya fi jan dutsen bayanai sauƙi. Wani yanki ya faɗa Manchesta, wani Tokiyo, wani Mishigan. In wata kwamfuta ta mutu a tsakiyar aiki, a sake tura nata wani wuri. Ɗalibar ta tafi ta kwanta, da safe ta tarar an haɗa mata sakamako a fayil guda.

A bayan wannan sauƙi akwai wahalar wasu. Shiga ɗakin kwamfutocin irin wannan jami'a, za ka tarar da dogayen akwatunan ƙarfe sahu-sahu, kowane cike da injuna a jere ɗaya bisa ɗaya, gabansu iska mai sanyi, bayansu zafi na bugun fuska, ƙarar fankoki kuwa sai ka ɗaga murya a ji ka. Mutum biyu ko uku ne ke kula da shi. Su ke cire faifan da ya lalace, su sabunta manhaja, su amsa ƙorafin da aka turo daga wata nahiya, wayarsu kuma ta yi ƙara da tsakar dare in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Yarjejeniyar WLCG ta gindaya cewa cibiyar mataki na biyu ta kasance a tsaye kashi 95 cikin 100 na shekara, wato duk tsayawarta kada ta haura kwana 18. Ana gwada kowace cibiya ba ƙaƙƙautawa, ana fitar da sakamakon duk wata kowa ya gani. A nan ne sirrin yake. Injuna ana sayensu a kasuwa. Cika alkawari shekara da shekaru shi ne abin da ba a saye.

Ranar da gayya ta biya

Ranar 10 ga Satumba, 2008 aka kunna LHC. Bayan kwana tara wata mahaɗar lantarki tsakanin maganaɗisu biyu ta narke, ta jawo ɓarnar da ta ɗauki fiye da shekara ana gyara. Masu kula da girid ba su zauna ba, sun yi amfani da lokacin suna atisaye da bayanan kwaikwayo har tsarin ya nuna. Ranar 30 ga Maris, 2010 aka fara karo mai ƙarfi, bayanai suka fara kwarara, tsarin kuma ya ɗauka.

Ranar 4 ga Yuli, 2012, ATLAS da CMS suka sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda aka yi hasashenta tun 1964. Cikin bayanan da suka dogara da su har da waɗanda aka ɗauka zuwa tsakiyar watan Yuni, makonni kaɗan kafin sanarwar. A da, irin wannan nazari shekaru yake ci. Shugaban CERN na lokacin, Rolf Heuer, ya jingina nasarar ga abubuwa uku: na'urar karo, na'urorin ɗauka, da girid. A 2013 Peter Higgs da François Englert, waɗanda ke cikin masu wannan hasashe, suka karɓi Nobel.

Tsarin bai tsaya yadda aka zana shi ba. Masu zanen farko sun ɗauka layukan sadarwa za su yi rauni, shi ya sa suka tsananta bin matakai. Sai layukan suka fi yadda aka zata ƙarfi da araha, aka sassauta, jami'o'i suka fara musayar bayanai kai-tsaye tsakaninsu ta hanyar LHCONE da aka fara a 2011. Yau gamayyar tana da cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe sama da 40, da ƙwaƙwalen lissafi kimanin miliyan 1.4, tana kammala ayyuka fiye da miliyan biyu a kullum. Amfaninta kuma bai tsaya ga fiziks ba. A 2005 wani shiri mai suna WISDOM ya ari girid ɗin Turai ya gwada haɗin sinadarai sama da miliyan 40 don neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Cikin mako shida ya gama abin da zai ɗauki kwamfuta ɗaya kimanin shekara 80.

Hanyar da Jidda ta bi

Bahar Maliya, wadda kakanninmu suka riƙa ƙetarawa daga gaɓar Sudan zuwa aikin Hajji, ita ce yau mashigar bayanai tsakanin Turai da Asiya. Wayar FLAG ta iso Jidda a ƙarshen shekarun 1990, SEA-ME-WE 4 a 2005, IMEWE a 2010, AAE-1 a 2017. Wayar 2Africa mai tsawon kilomita 45,000, da ta zagaye nahiyarmu, tana da mafita a Jidda tana da ita a Legas. Jama'ar Saudiyya sun fara samun intanet a 1999 ta hannun cibiyar kimiyya ta KACST da ke Riyad, ita ce kuma ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da CERN a 2006. A 2020 kamfanin Oracle ya buɗe rumbun bayanansa a Jidda.

Ta fannin jami'o'i, Saudiyya ta zaɓi babbar kwamfuta guda a gida guda. Jami'ar KAUST da ke Suwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, ta buɗe a 2009 da Shaheen, ƙirar IBM, wadda ta zo ta 14 a duniya. Shaheen ta biyu, mai ƙwaƙwale kusan 200,000, ta zo ta bakwai a 2015, ta uku kuma ta zo ta 20 a watan Nuwamba na 2023. A cikin garin Jidda, Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda attajiran garin suka kafa a 1967 kafin gwamnati ta karɓe ta a zamanin Sarki Faisal, ta ƙaddamar da Aziz a watan Yuni na 2015, ƙirar Fujitsu mai ƙwaƙwale 11,904, mai iya lissafi tiriliyan 230 a daƙiƙa.

Zaɓin yana da hujja. Tambayoyin da suka fi damun ƙasar su ne mai da iskar gas, tace ruwan teku, ƙwayoyin gado, da yanayi. Garin da ambaliyar 25 ga Nuwamba, 2009 ta kashe wa mutum sama da 120 ba ya buƙatar a faɗa masa darajar hasashen ruwan sama. Shi kuwa lissafin yanayi ba ya datsuwa yadda na karo ke yi, don iskar da ke kan Jidda tana shafar wadda ke kan Makka, dole ƙwaƙwalen su zauna kusa suna magana da juna kowane lokaci. Wuta kuma ba ta zama cikas ba. Tashar Shu'aiba kaɗai, da ke kudu da Jidda, tana da ƙarfin megawat kusan 5,600, kwatankwacin abin da layin wutar Nijeriya baki ɗaya ke rabawa a ranar da abubuwa suka yi kyau.

A 'yan shekarun nan hanyoyin biyu sun fara haɗuwa. Tun wajen 2015 ATLAS ke cusa ayyukanta a guraben da suka rage a babbar kwamfutar Titan ta Amurka, daga baya kuma Vega ta ƙasar Sulobeniya ta ɗauki kaso mai tsoka na lissafinta. Idan LHC da aka ƙara wa ƙarfi ta dawo aiki wajen 2030, bayanan za su ninka sau da yawa, za a kuma nemi taimakon duk wata babbar kwamfuta da ke da layi mai kyau. Yankin Jidda yana da injuna, yana da wuta, yana da wayoyi. Duk da haka, har yau babu cibiyar mataki na ɗaya ko guda a ƙasashen Larabawa ko a Afirka. Abin da ke kai jami'a cikin wannan sahu shi ne tawagar malamai da ɗalibai da injiniyoyi masu ɗaukar nauyin wani yanki na binciken su riƙe shi shekara ashirin.

Su ma wayoyin ba su da tabbas. A watan Janairu na 2008 biyu sun tsinke kusa da Iskandariya, a watan Fabrairu na 2024 uku sun tsinke a Bahar Maliya, ranar 14 ga Maris na shekarar kuma huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga wani hali. Tsarin da ke ajiye kwafi a wurare da dama, yana da hanya fiye da ɗaya, shi ke tsira a irin wannan rana.

Ina muka kwana?

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Maroko ta shiga ATLAS tun 1996, Masar tana cikin CMS, Afirka ta Kudu tana cikin ALICE da ATLAS, cibiyar lissafinta ta Cape Town kuma tana aiki a mataki na biyu. Makarantar fiziks ta Afirka, wadda Ketevi Assamagan ɗan ƙasar Togo na cikin waɗanda suka assasa, ta fara zama a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012 da Dakar a 2014, tana koyar da ɗalibai har da aikin girid. CERN kan ba jami'o'i kyautar injunan da ta sauke, Gana da Senegal da Maroko da Masar duk sun amfana.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana tafiyar da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, wanda ke nuna akwai horo da bin ƙa'ida. A 2014 aka ƙaddamar da hanyar sadarwa ta NgREN ta haɗa jami'o'in tarayya 27, ƙungiyar WACREN kuma na haɗa irin waɗannan layuka na Afirka ta Yamma da na Turai. Jami'ar Bayero ta samu tashar wuta mai haɗa hasken rana ta megawat 7.1 a 2019. Tun 2014 CERN ta buɗe taskar bayananta ga kowa, ɗalibi a Sakkwato ko Katsina na iya sauke bayanan karo na gaske ya yi nazari a kai. Babban ƙalubalenmu sananne ne. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Wanda aka ba kwana 18 a shekara ba zai dogara da irin wannan layi ba, sai ya tanadi sola da batir nasa.

Wani zai ce ina ruwan mai fama da yunwa da ƙwayar Higgs. Amsar ita ce, yaron da ya iya riƙe cibiyar girid ya iya riƙe rumbun bayanan asibiti, da na banki, da na hasashen damina, da na bin sawun annoba. Ƙasashen da suka shiga gayyar ba Nobel kaɗai suka samu ba, sun samu dubban ƙwararru da suka bazu cikin masana'antu da ma'aikatu.

Don haka kira na ga shugabannin jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Katsina da Maraɗi, da hukumomin NUC da TETFund. Kada kowa ya jira ranar da zai sayi tasa Shaheen. A zauna a yi yarjejeniya a rubuce, kowace jami'a ta ware ɗaki guda mai wutar sola da ba ta yankewa, ta ɗauki injiniyoyi biyu ko uku ta biya su albashin da zai zaunar da su, a jona ɗakunan ta NgREN da WACREN, a riƙa wallafa sakamakon kowace cibiya duk wata. Malamanmu da ɗalibanmu da ke Jidda da Suwal, waɗanda suka goge da manyan injuna, su zama gada, su karɓi ɗaliban gida su koyar da su. A fara da kaɗan, a cika alkawari, sannan a ƙwanƙwasa ƙofar ATLAS ko CMS da shaidar aiki a hannu. Jami'o'in da ke cikin wannan sahu yau haka suka fara, kuma babu abin da ya hana namu sai rashin haɗa kai.